Gani Ya Kori Ji: Tarihin Sa Ido a Kan Sabon Likita a Asibiti

1.0 Gabatarwa

Idan mutum ya kai ɗansa ko matarsa asibiti aka ce sai an yi tiyata, da wuya ya tambayi likitan da zai riƙe wuƙa ko sau nawa ya taɓa yin irin wannan aiki, balle ya tambayi wanda ya gan shi yana yi har ya shaida ya iya. Abin da yakan yi shi ne ya sa hannu a takarda, ya koma gefe yana addu'a, domin a zatonsa akwai waɗanda suka riga suka yi wannan tambaya a madadinsa. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda wannan tambaya ta zama wajibi a kan asibitoci. Za a fi mayar da hankali ga ƙasar Amurka, domin a can ne tsarin ya fi kafuwa, sannan daga baya a waiwayi hanyar da Ingila ta bi, wadda ita ce Nijeriya ta gada.

Kafin a yi nisa, ya kamata a bambance abubuwa uku. Na farko shi ne digiri, wanda jami'a take bayarwa don shaida cewa mutum ya yi karatu. Na biyu shi ne lasin, wanda hukuma take bayarwa don ba shi damar yin aikin likita. Na uku kuwa shi ne izinin aiki, wanda kowane asibiti a Amurka yake ba likita shi kaɗai, tare da jera ayyukan da aka yarje masa ya yi a wannan asibitin, alal misali cire afendis ko ciro jariri ta hanyar tiyata. Idan aka ba shi wannan izini, sai a ɗora wani likita gogagge ya riƙa duba aikinsa na wani lokaci. Kalmar da Amurkawa suke kiran wannan mai dubawa da ita, ita ce dai suke kiran malami mai tsaron jarrabawa, saboda haka malaman makaranta ba za su sha wuyar gane matsayinsa ba.

2.0 Gyaran Makarantu: Rahoton Flexner

A farkon ƙarni na 20, makarantun koyon aikin likita sun yi yawa a Amurka, kuma da dama daga cikinsu kasuwanci kawai masu su suke yi. Ɗalibi yakan biya kuɗi, ya saurari lacca, ya karɓi takarda, wani ma bai taɓa duba marar lafiya a gado ba. Gidauniyar Carnegie ta ɗora wa Abraham Flexner nauyin binciken waɗannan makarantu. Shi Flexner ba likita ba ne, malamin makaranta ne daga garin Louisville. Ya ziyarci makarantu 155 a Amurka da Kanada, ya duba ɗakunan gwaje-gwaje da sharuɗɗan ɗaukar ɗalibai da asibitocin koyarwa, sannan ya fitar da rahotonsa a shekarar 1910, inda ya ba da shawarar a rage su zuwa 31.

Makarantu da yawa sun rufe, wasu suka haɗe, kuma ingancin karatu ya ƙaru. Amma gyaran bai zo ba tare da asara ba, domin daga cikin makarantu 7 da suke horar da baƙaƙen fata, 2 ne kawai suka tsira, wato Howard da Meharry. Haka kuma akwai abin da rahoton bai taɓo ba. Ya gyara hanyar samun takarda, amma bai ce komai ba game da abin da mai takardar yake aikatawa idan ya shiga ɗakin tiyata aka rufe ƙofa.

3.0 Codman da Katin Sakamako

Wanda ya fara ɗaga wannan batu da ƙarfi shi ne Ernest Amory Codman, likitan tiyata a birnin Boston, wanda ya rayu daga 1869 zuwa 1940. Ra'ayinsa mai sauƙi ne. Ya ce a buɗe wa kowane marar lafiya kati, a rubuta ciwon da aka ce yana da shi, da aikin da aka yi masa, da wanda ya yi aikin, sannan a bi sawunsa har aƙalla shekara guda a ga ko ya warke. Idan bai warke ba, sai a nemi dalili, ko kuskuren gane ciwon ne, ko rashin iya hannu, ko ƙarancin kayan aiki, ko kuma ciwon ne ya fi ƙarfin magani. Ya ƙara da cewa da wannan sakamako ya kamata a riƙa yi wa likita ƙarin girma, maimakon yawan shekarunsa a bakin aiki.

Manyan likitocin Boston ba su yi maraba da wannan magana ba. A shekarar 1911 Codman ya buɗe ɗan ƙaramin asibiti nasa na kansa don ya gwada abin da yake faɗa, kuma a 1914 ya ajiye aikinsa a babban asibitin Massachusetts. Daga 1911 zuwa 1916 asibitinsa ya sallami marasa lafiya 337, shi kuwa ya buga littafi ya bayyana kurakurai 123 da aka yi wajen kula da su, har da nasa. A wani taron likitoci a 1915 ya buɗe wani babban zane na jimina ta tusa kai cikin rairayi tana watso ƙwai na zinariya, ga likitoci suna cafewa, wato yana nufin masu kuɗin birnin ba sa son sanin gaskiya, likitoci kuma suna cin moriyar hakan. Abokan aikinsa suka juya masa baya, marasa lafiya suka ragu, ya ƙare rayuwarsa ba shi da wani abin hannu. Ko alama ba a sa a kabarinsa ba sai a shekarar 2014.

4.0 Ma'aunin Shafi Ɗaya

Duk da haka maganarsa ba ta faɗi ƙasa banza ba. An kafa Kwalejin Likitocin Tiyata ta Amurka a 1913, kuma ta ɗauki aikin daidaita asibitoci, wanda Codman ya shugabanci kwamitinsa na farko. Daga 1918 ta fara aika masu bincike. Daga cikin asibitoci 692 masu gado 100 ko fiye da aka duba, 89 ne kawai suka cika sharuɗɗa. Sakamakon ya yi munin da a taron da aka yi a New York a watan Oktoba na 1919 aka faɗi adadin kawai, takardar sunayen asibitocin kuwa aka jefa ta cikin murhun otel ɗin da ake taron, don kada ta faɗa hannun 'yan jarida.

A ƙarshen wannan shekara kwalejin ta tabbatar da ma'auninta, wanda bai wuce shafi ɗaya ba, yana ɗauke da sharuɗɗa 5. Likitocin asibiti su zama ƙungiya mai tsari. Kada a shigar da kowa cikinta sai mai digiri da lasin, wanda ya ƙware kuma yake da halin kirki. Su riƙa zama aƙalla sau ɗaya a wata suna bitar ayyukan da aka yi. A rubuta cikakken bayanin kowane marar lafiya a adana. A kuma tanadi ɗakin gwaje-gwaje da na ɗaukar hoton ƙashi. A sharaɗi na biyu da na uku ne tushen izinin aiki yake, domin sun ɗora wa likitocin asibiti alhakin tantance junansu.

Da aikin ya fi ƙarfin kwalejin ita kaɗai, sai a 1951 ta haɗu da wasu ƙungiyoyin likitoci da na asibitoci na Amurka da Kanada, aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Tantance Asibitoci. Wannan hukuma ba ta gwamnati ba ce, amma a 1965, lokacin da aka kafa shirin gwamnati na biya wa tsofaffi kuɗin magani, doka ta ce asibitin da hukumar ta amince da shi za a ɗauka ya cika sharuɗɗan shiga shirin. Tun daga nan rasa amincewarta ya zama daidai da rasa kuɗin shiga.

5.0 Shari'ar Darling

Har zuwa wannan lokaci, kotuna suna kallon asibiti tamkar masauki ne. Idan likita ya yi kuskure, shi za a kama, domin asibiti gado da abinci da ma'aikatan jinya kawai ya bayar. Wata shari'a a Jihar Illinois ce ta sauya wannan fahimta.

A watan Nuwamba na 1960 wani ɗalibi ɗan shekara 18 ya karye a ƙafa wajen wasan ƙwallo, aka kai shi wani ƙaramin asibiti a garin Charleston. Likitan da yake bakin aiki ranar ba ƙwararre ba ne a kan ƙashi, amma ya yi ɗori ya sa filasta mai tauri. Ba a jima ba yaron ya fara kukan zafi, yatsunsa suka kumbura suka yi baƙi, suka yi sanyi, daga baya wari ya fara fitowa. Babu wanda ya kira ƙwararre. Bayan kimanin mako biyu aka mayar da shi wani asibiti a St. Louis, inda aka tarar ɗaurin ya hana jini gudu har nama ya mutu, dole aka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa.

Asibitin ya kare kansa da cewa shi ba ya aikin likita, saboda haka ba shi da ikon gaya wa likita abin da zai yi. A 1965 Kotun Ƙoli ta Illinois ta yi watsi da wannan hujja. Ta ce asibiti yana da alhaki na kansa, na samar da ma'aikatan jinya da za su gane haɗari su kai rahoto, da na bitar aikin likitansa da tilasta masa neman shawarar ƙwararre idan hali ya yi. Aka tabbatar da diyyar dala 110,000 a kan asibitin. Wannan hukunci, wanda ake kira shari'ar Darling, ya bazu zuwa jihohi da yawa, kuma shi ne ya sa shugabannin asibitoci suka gane cewa duk wanda suka ba izinin aiki, laifinsa zai iya hawa kansu.

6.0 Yadda Sa Ido Ya Zama Ƙa'ida

Wani darasin ya zo ne daga wajen tsofaffin hannu. A ƙarshen shekarun 1980 aka fito da sabuwar hanyar cire matsarmama, inda ake yin 'yan ƙananan huji a ciki a zura kyamara da dogayen kayan aiki, maimakon a tsaga cikin. Marasa lafiya suka yi ta neman wannan hanya saboda saurin warkewa. Likitoci da yawa da suka shekara suna tiyata suka je kwas na kwana biyu ko uku, suka gwada a jikin aladu, suka dawo suka fara yi wa mutane. Sai aka ga yawan yanke bututun da yake kai ruwan matsarmama cikin hanji ya ƙaru, musamman a ayyukan farko na kowane likita. A 1992 ma'aikatar lafiya ta Jihar New York ta ba da umarnin cewa kada likita ya yi wannan tiyata shi kaɗai sai ya yi aƙalla 15 a gaban wanda ya iya. Abin da aka koya shi ne, gogagge ma sabo ne a aikin da bai taɓa yi ba.

Asibitoci da dama sun daɗe suna sa ido a kan sababbin likitoci bisa ra'ayin kansu, amma daga watan Janairu na 2008 Hukumar Haɗin Gwiwa ta mayar da abin tilas ga asibitocin da take tantancewa. Duk likitan da aka ba sabon izini, ko sabon zuwa ne, ko tsohon ma'aikaci ne da ya nemi ƙarin wani aiki, sai an bi aikinsa na wani lokaci, komai kyawun takardunsa. Kowane asibiti shi yake tsara adadin ayyukan da za a duba da tsawon lokacin. Dubawar tana iya zama kafin aiki, inda sabon likita zai bayyana abin da ya gano da abin da yake shirin yi. Tana iya zama a lokacin aikin, inda mai sa ido zai tsaya a ɗakin tiyata yana kallo. Tana kuma iya zama bayan aiki, ta hanyar bin fayilolin marasa lafiya da jin ta bakin ma'aikatan jinya. Daga nan mai sa ido ya cika takarda ya miƙa wa shugaban sashe, kwamiti kuma ya yanke shawarar a sakar wa likitan mara, ko a ƙara masa lokaci, ko a rage masa izini.

Mai sa ido ba malami ba ne. Malami yakan kama hannun ɗalibi ya nuna masa, kuma marar lafiyar yana wuyansa. Mai sa ido kuwa wakilin asibiti ne, aikinsa ya gani ya ba da shaida. Wannan ya jawo tambaya mai nauyi, wato idan ya ga ana shirin yin ɓarna, ya sa hannu ko ya yi shiru? A 1985 wata kotun ɗaukaka ƙara a Kalifoniya ta yanke cewa doka ba ta wajabta masa sa hannu ba, tun da marar lafiyar ba nasa ba ne. Amma abin da doka ba ta wajabta ba, lamiri yana iya wajabtawa, shi ya sa asibitoci da yawa suka rubuta a ƙa'idojinsu cewa yana da ikon dakatar da aiki idan rai yana cikin haɗari.

7.0 Inda Tsarin Yake Tuntuɓe

Tsarin da ya ba abokin sana'a ikon yanke wa abokin sana'arsa hukunci yana da haɗari ta fuska biyu. Ta farko ita ce hassada. A garin Astoria na Jihar Oregon, inda asibiti ɗaya ne tak, wani likitan tiyata mai suna Timothy Patrick ya ƙi shiga haɗin gwiwar wasu likitoci, ya buɗe wurinsa yana gogayya da su. Su ne kuma suka fi rinjaye a kwamitin da ya zauna don janye masa izini. Ya kai ƙara, aka yanke masa diyyar kusan dala miliyan 2, kuma a 1988 Kotun Ƙoli ta Amurka ta goyi bayansa. Tsoron irin wannan ƙara ya sa likitoci suka fara gudun zama a kwamiti, sai majalisar ƙasar ta yi doka a 1986 wadda ta ba su kariya, muddin sun yi aikin da kyakkyawar niyya, sun bincika gaskiyar magana, sun kuma ba wanda ake tuhuma damar kare kansa. Dokar ta kuma kafa rumbun bayanai na ƙasa, wanda ya fara aiki a 1990, inda ake kai sunan likitan da aka tauye wa izini fiye da kwana 30, ko wanda ya ajiye aiki ana cikin bincikensa.

Fuska ta biyu ita ce rufa-rufa. Tsakanin 2011 da 2013 wani likitan tiyatar laka mai suna Christopher Duntsch ya yi aiki a asibitoci daban-daban a yankin Dallas na Jihar Texas. Ya nakasa fiye da mutum 30, biyu suka mutu. Duk ƙa'idojin da aka ambata suna nan a rubuce a lokacin, amma sai aka riƙa barinsa ya ajiye aiki salin-alin ya koma gaba, maimakon a kai rahotonsa a kan kari. Wasu likitoci biyu da suka ga ɓarnar da idonsu ne suka dage har aka dakatar da lasinsa a 2013, kuma a 2017 kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai.

8.0 Hanyar Ingila da Abin da Nijeriya Ta Gada

Ingila ta bi wata hanya dabam. Maimakon a bar wa kowane asibiti, sai aka ɗora sa idon a kan rajistar ƙasa. An kafa majalisar yi wa likitoci rajista a 1858, kuma dokar 1950, wadda ta fara aiki a 1953, ta ce wanda ya gama karatu rajistar wucin gadi kawai zai samu, sai ya yi shekara guda a asibitin da aka amince da shi, a ƙarƙashin manyan likitoci, kafin a yi masa cikakkiya.

A ƙasar nan kuwa, sa ido ya fara zuwa ne da wata fuska mara kyau. Lokacin da Turawa suka haɗe ma'aikatan lafiya na Afirka ta Yamma a 1902, sun keɓe wannan rukuni ga masu asalin Turai, har likitan Afirka da ya yi karatu a Ingila ma ba a shigar da shi. Makarantar Yaba da aka buɗe a 1930 tana fitar da mataimakan likita ne, waɗanda takardarsu ba ta aiki a wajen Nijeriya, albashinsu bai kai na Bature ba, kuma a ƙarƙashinsa suke aiki. Irin waɗannan mataimaka ne makarantar likitanci ta Kano, wadda gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe a tsakiyar shekarun 1950, ta horar kafin a rufe ta ba da daɗewa ba. Wannan sa ido ne da asalin mutum da sunan makarantarsa suka jawo masa, kuma ƙwazonsa a bakin aiki bai isa ya kai shi matsayin Bature ba.

Bayan samun mulkin kai, dokar 1963 ta kafa majalisar likitoci ta Nijeriya, wadda dokar soja ta 1988 ta sake wa fasali ta zama Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori. Bisa tsarinta, sabon likita yakan yi watanni 12 na sanin makamar aiki, yana zagaya sassa huɗu, wato na cututtukan manya, da tiyata, da yara, da mata da haihuwa, kuma sai babban likitan kowane sashe ya sa masa hannu. Mai son ƙwarewa kuma yakan ƙara shekaru a asibitin koyarwa, ya zauna jarrabawar kwalejin ƙwararru ta ƙasa da aka kafa a 1979, ko ta Afirka ta Yamma. Inda giɓin yake shi ne bayan shekarar farko. Tun da aka kafa shirin bautar ƙasa a 1973, ba baƙon abu ba ne a tura matashin likita babban asibitin ƙaramar hukuma ya tarar babu wani likita a sama da shi, ga mace naƙuda ta gagara cikin dare, ga hanyar birni da nisa. A irin wannan wuri babu mai kallon hannunsa, kuma ba laifinsa ba ne.

9.0 Kammalawa

Idan aka yi la'akari da abin da ya gabata, za a ga cewa kusan kowane mataki a wannan tarihi sai da wani ya rasa ƙafa ko rai kafin a ɗauke shi. Za a kuma ga cewa sa ido ba ya amfani sai ya cika wasu sharuɗɗa: ya hau kan kowa ba tare da duban asali ko shekaru ba, ya kasance da ma'auni sananne da ranar ƙarewa, mai dubawar ya zama wanda ba shi da wata riba a faɗuwar wanda yake dubawa, kuma abin da ya gani ya isa kunnen masu iko. Wannan na ƙarshe shi ne mafi wuya, domin faɗar gaskiya a kan abokin aiki tana da tsada, kamar yadda rayuwar Codman ta nuna.

Malaman da suka yi kwalejin horon malamai za su tuna ranar da mai dubawa ya zauna a bayan aji da takardarsa, suna koyarwa gabansu yana faɗuwa. Ba don a wulaƙanta su aka yi haka ba, hakkin yaran da suke zaune aka duba. Dattawan da suke cikin kwamitocin asibitocin garuruwansu kuma suna da damar tambayar hukuma, cikin ladabi, wane ne yake duba aikin sabon likitan da aka turo, kuma wa zai kira idan abu ya cije masa. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kuma yi wa masu kula da su jagora, amin.